Akwatin Awo da 'Yan Matan Jikwoyi

Zafin bana bai jira an ga watan azumi ba. Jiya da azahar na fito daga ofis, na kama sitiyarin mota, sai da na yarfa hannu na ce wash. Ga baki a bushe, ga takardun gasar robot ta ɗaliban sakandare jibge a kujerar baya, don Asabar mai zuwa za a yi zagayen ƙarshe. Ina zaune ina jiran motar ta ɗan huce, sai wata shekara ta faɗo min a rai, shekarar da aka fara damƙa min gasar nan a hannu. Ita ma cikin azumi ne, kuma irin wannan zafin ne da ake yi gab da ruwan farko.

Gidajen rediyo mutum-mutumi suke cewa, mu da yaran kuwa robot muke cewa, kuma gaskiya bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. 'Yar mota ce mai tayoyi da batir, yara su haɗa ta da hannunsu, su rubuta mata umarni a kwamfuta. A tamu gasar ana ɗora robot a kan faffaɗan farin tebur mai baƙin layi, ya bi layin da kansa, ya turo gwangwanayen madara da aka jera ya kai su wani lungu kafin minti biyu su cika. Wanda ya fi kai gwangwani shi ya ci. Makarantu goma sha biyu suka tsallako daga zagayen unguwanni, kuma guda ɗaya tak za ta tafi Legas ta wakilci Abuja.

Oga Lawal, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Hajiya Binta, ke na ba aikin nan, don ke ce ba a kawo wa wasa." Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ni mai zafin rai ce, kowa ya sani. Maigidana yakan ce da ni aka naɗa alƙali, da tuni gidan yari ya cika.

Wanda bai taɓa shirya irin wannan taro ba sai ya ɗauka wasan yara ne. Ina! Da farko wuri. Yanzu ɗakin taro mai na'urar sanyi muke samu, ga sola a kan rufi, yaro ya jona batirinsa ya tafi abinsa. A waccan shekarar wata makaranta ce a Lugbe ta ara mana zaurenta, rufin kwano ba silin, fanka huɗu, biyu ne ke juyawa. Bayan wuri sai teburan wasa guda biyu, dole su zama iri ɗaya sak, in ba haka ba duk wanda ya faɗi zai ce teburinsa ne ya karkace. Sai wurin zaman kowace makaranta, da tebur da soket ɗinta, don na ga yadda malamai biyu suka kusa dambe a kan soket a zagayen Durumi. Sai alƙalai. Matasan injiniyoyi shida na roƙa, kuma sai da na tambayi kowannensu inda ya yi makaranta da inda ƙannensa suke karatu, kada a ce an yi son kai. Ƙuri'ar wa zai kara da wa kuwa, na ce a gaban kowa za a ja ta, daga cikin kwanon sha.

Jadawalin ya fi komai cin raina. Dole a tsaya sallar azahar, a tsaya la'asar, kuma a tashi kafin biyar, saboda masu bin hanyar Nyanya su isa gida kafin a sha ruwa. Rabin yaran ba sa azumi, su kuma na ware musu aji ɗaya can gefe inda za su ci abinci su sha ruwansu ba tare da sun takura ba.

Makon nan guda ban san yadda na yi shi ba. In na yi sallar asuba ba komawa barci, sai hanya. Kafin goma na safe kwanon zauren ya fara ƙas-ƙas don zafi, zufa tana bin baya har cikin zani. Muna manna baƙin layi a tebur, gam ɗin yana narkewa yana bin yatsu. Wuta kuwa in an kawo da safe, kafin ka ce a jona an ɗauke. Direbanmu ya yi wuni biyu a layin mai saboda janareta. Biyar da rabi nake shiga gida, in cire mayafi in faɗa kicin, kunun gyaɗa a wuta ɗaya, ƙosai a ɗaya. Ƙanƙara ta zama abin nema a unguwa, maƙwabciyarmu mai firiza kafin la'asar ta sayar da tata kaf, sai dai mu naɗe jarkar zoɓo da jiƙaƙƙen buhu mu ajiye a inuwa. In an kira sallah na kai kofin farko baki, har cikin kunnuwana nake jin ruwan yana sauka.

Akwai doka ɗaya da nake taƙama da ita, don ni na ƙirƙiro ta. Ƙa'idar gasa ta ce robot kada ya wuce santimita talatin ta kowane gefe. A zagayen unguwanni da rula ake aunawa, kuma kullum sai an yi rigima. Wannan malami ya karkata rula, wancan ya ce daga nan ake farawa, a ɓata awa guda ana musu. Na ce to, an daina. Akwati za a yi mai santimita talatin cif a ciki. Robot ya shiga, ya wuce. Bai shiga ba, a gyara ko a koma gida. Kuma duk wanda ya yi gardama da alƙali a kan awo, an cire makarantarsa.

Wani kafinta na kai wa aikin a Durumi, Malam Sule. Na zaɓi wani katako mai santsi, irin wanda ake matse garin katako a yi, don na ga ya fi kyan gani.

"Hajiya, wannan fa ba ya shiri da ruwa," in ji shi.

"Malam Sule, wa zai kai shi rafi? Ruwan ma ina muka gan shi?"

Ya yi dariya ya ce Allah ya kawo. Ranar Talata ya kawo akwatin, na zaro tef ɗin awo daga jakata na auna ta kowane gefe, talatin daidai. Na sa aka ajiye shi a siton makarantar, ƙarƙashin taga, tare da usur da allunan rubuta maki.

Ranar Alhamis bayan la'asar muna jera kujeru, sai iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ledoji suka tashi sama, ƙofar zauren ta bugu da ƙarfi. Kafin mu rufe tagogi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A kan kwanon nan ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Duk muka bar aiki muka fito baranda, ni da alƙalaina, muna shaƙar ƙamshin ƙasa. Wani cikinsu, Injiniya Bashir, ya tara hannu a bakin indararo, ruwa ya cika tafinsa, ya tsaya yana kallonsa kamar zai yi kuka, sannan ya watsa a fuska. Muka yi ta yi masa dariya. Ni ma na miƙa ƙafafuna ruwan ya dake su, rabona da jin sanyi irin wannan tun kafin azumi. Ko kaɗan sito bai zo min a rai ba.

Juma'a rana ta fito da fushi, ƙasa tana tururi, zafin ya fi na da nauyi. Haka Asabar ta same mu.

Tun bakwai motoci suka fara sauke yara. Ƙarfe tara aka fara awo, ni da kaina na tsaya a kan akwatin. Yawancin makarantun kayan haɗi na kanti suke da su, ƙananan robot masu kyau, suna faɗawa akwatin har da sauran wuri. Goma sha ɗaya suka wuce ba ko tari.

Ta ƙarshe wata makaranta ce daga Jikwoyi. Malaminsu, Malam Danjuma, ɗan Gbagyi ne mai sanyin hali, a motar haya ya kawo 'yan mata uku da robot ɗinsu cikin kwalin taliya. Shugabarsu Saratu, doguwa siririya, tana ajin ƙarshe, sai Maryam da Godiya. Na riga na ji labarinsu, don a zagayensu ba wanda ya ko kusa da su. Nasu ba na kanti ba ne. Jikinsa robar tsohuwar firinta ce, tayoyin na motar wasan yara, a gaba kuma hannaye biyu na sandar labule, an lanƙwasa ƙarshensu kamar ƙugiya. Na kowa gwangwani ɗaya yake turawa, in ya yi ƙoƙari biyu. Nasu uku yake runguma a tafiya ɗaya, ƙugiyoyin nan su ke tare na ukun in an sha kwana. Don su sami wannan tsawon, sun gina shi har bakin ƙa'ida, ba su bar ko kaurin farce ba.

Saratu ta ɗaga shi ta saka a akwati. Ya fara shiga, da ya kai tsakiya sai ya cije. Ta juya shi, ta sake gwadawa. Ya cije.

"Bai shiga ba," na ce.

"Madam," in ji Malam Danjuma, da irin Hausarsa ta Abuja, "wannan yarinya ya auna shi ya fi sau goma. Talatin ne. A kawo tef mana a gani."

"Malam, ka karanta doka ko ba ka karanta ba? Ba tef, ba rula. Goma sha ɗaya sun shiga, naku ne na gwal? Awa ɗaya na ba ku, ku gyara ko ku kama hanya."

Sauran malamai suna tsaye suna kallo, kuma na san da yawansu addu'a suke kada in sassauta. Ni ma ina sane da idanunsu. Ana cikin haka janareta ya yi tari ya mutu, yara suka sa ihu saboda batiransu, na kwasa da gudu bayan zaure. Na fi minti ashirin a rana ina faɗa da mai gyara, hayaƙi yana shiga min maƙogwaro, kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki. Ina dawowa, a bakin ƙofa, sai ga Saratu ta tare ni, da 'yar rular makaranta a hannunta.

"Malama, don Allah, magana ɗaya ce a kan akwatin..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ɗaga mata hannu na ce, "Ke! Wallahi kika ƙara ce min akwati, na cire makarantarku yanzun nan. Kin ji ni ko?"

Ta kalle ni, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, ita ma azumi take. Ta ce, "Na ji, Malama." Ta juya.

Ƙarfen hannayen robot ɗinsu ba ya lanƙwasuwa sau biyu, karyewa yake. Saboda haka zarto suka aro wurin mai gadi suka yanke ƙugiyoyin. Ina daga teburin alƙalai ina jin ƙarar zarton, ƙiƙi-ƙiƙi, har ma na ce a raina, ai ga shi nan, da an ja musu ido sun bi doka. Suka dawo da shi ya faɗa akwati sumul. Na sa hannu a takardarsu.

Duk da haka yaran nan sai da suka ba kowa tsoro. Tsakanin wasa da wasa Maryam tana kan kwamfuta tana rage masa gudu a kwana, don kada na ukun ya zame. Wani lokacin ya tsaya, wani lokacin ya gangare. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu, bayan azahar suka ci na kusa da ƙarshe da ƙyar. Zauren ya zama tanda, alƙalaina sun yi laushi, mai busa usur ma sai ya haɗiyi yawun da babu kafin ya busa. Bayan la'asar aka zo wasan ƙarshe, su da wata makaranta daga cikin gari.

Kan-kan-kan suke tafiya har saura daƙiƙa goma sha biyar. Robot ɗin Jikwoyi ya rungumo uku na ƙarshe, yara suka miƙe tsaye suna ihu. In ya kai ukun sun ci, in biyu an yi kunnen doki a sake. A kwanar ƙarshe na ukun ya zame, ya bugi na biyu, duka suka gangara gefe. Ɗaya ya kai. Usur ya tashi. Da gwangwani ɗaya aka cinye su.

Godiya ta durƙusa tana kuka, Maryam ta rufe kwamfuta. Saratu ta ɗauki robot ɗin ta mayar cikin kwalinsa. Da na miƙa mata takardar shaidar zuwa na biyu, har ce mata na yi, "Kin gani? Da kun bi ƙa'ida tun farko." Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Biyar saura kwata muka tashi, Oga Lawal yana ta yaba min cewa bai taɓa ganin taron da aka gama a kan lokaci irin wannan ba. A daren ranar aka aika sunan makarantar da ta ci zuwa Legas.

Ranar Litinin na koma Lugbe kwashe kaya. Na shiga siton, sai na ga gilasai biyu na tagar babu su, ga alamar inda ruwa ya kwanta a ƙasa ya bushe. Na ɗaga akwatin da aka mayar wurinsa, na juya shi. Gefe biyu sun yi tabo, katakon ya kumbura ya yi ciki kamar burodin da ya jiƙa. Na zaro tef daga jakata, tef ɗin da ya wuni a kafaɗata ranar Asabar, na auna baki, talatin. Na zura shi tsakiya. Ashirin da tara da rabi.

Innalillahi. Na zauna a kan wani benci mai ƙura, na auna ya fi sau biyar, ko zai canza. Kunya ce ta fara kama ni, sannan baƙin ciki. Ban taɓa jin na tsani halina irin ranar ba.

Kai tsaye ofishin Oga Lawal na wuce da akwatin a hannu. Ya auna da kansa, sannan ya ce, "Hajiya, suna ya riga ya tafi. Su waɗanda suka ci me suka yi? An gaya wa iyayensu, an fara shirin tafiya. Ki bar maganar nan a nan." Ban bari ba. Na kira Legas da kaina, na yi bayani, na roƙa a ƙara mana gurbi ɗaya. Matar da ta ɗauki wayar ta saurare ni da kyau ta ce ta tausaya, amma kowace jiha ɗaya ce, in ta buɗe mana ƙofa kowa zai zo da nasa labarin. Na nemi a sake wasan ƙarshe, aka ce ba dokar da ta ba da wannan. Dokokin kuwa ni na rubuta su.

Kwana biyu ina juya abin, ko kunun kirki ba na iya sha. Maigidana ya ce, "Binta, tunda ba ki iya gyarawa, ai kya iya zuwa ki faɗa musu da bakinki." Ranar Alhamis na bar ofis da wuri na kama hanyar Nyanya. Cunkoso tun daga gada, masu tallan dabino da kankana suna bin motoci, rana tana dukan gilashi. Sai bayan la'asar na isa Jikwoyi, na bar mota a bakin titi saboda ruwan da aka yi ya cinye hanyar makarantar, na ƙarasa da ƙafa.

Na same su a wani ɗan ɗaki da suke kira ɗakin kimiyya, Malam Danjuma da su ukun, don na riga na kira shi, ya gaya musu ina tafe. Suka miƙe suka gaishe ni. Robot ɗin yana kan tebur da guntayen hannayensa. Na ajiye akwatin kusa da shi, na ce ba su ne suka karya ƙa'ida ba, akwatina ne ya sha ruwa ya kumbura. Na ce na yi ƙoƙarin a gyara abin bai yiwu ba, Legas ta wuce su, kuma laifina ne ni kaɗai. Na ce su yafe min.

Malam Danjuma ya sunkuyar da kai. Na zaro tef zan nuna musu, sai Saratu ta ce, "Ashirin da tara da rabi ne, Malama. A tsakiya."

Na tsaya da tef a hannu. "Wa ya gaya miki?"

"Na auna da rulata lokacin da kika tafi wurin janareta."

"Kafin ku yanke?"

"Kafin mu yanke."

"To me ya sa ba ki..." Sai na tuna bakin ƙofar nan, da hannun da na ɗaga mata.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kawar da kai ba. Ta ce, "Kin ce za ki cire mu. Sai muka ga gara mu yi wasa da guntun hannu da mu koma gida ba mu yi ba. Ni na riƙe zarton, don kada a yanke fiye da yadda ya kamata."

Godiya tana kallon ƙasa, Maryam tana wasa da bakin hijabinta. Na ce, "Saratu, me zan yi muku? Ki faɗa min ko mene ne."

Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ni na gama bana, Malama, ba zan sake zuwa ba. Amma su Maryam za su zo baɗi. Don Allah a riƙa auna akwatin."

Na ce to. Shi kaɗai na iya cewa.